Tabon Hannun Dama

Litinin, 1 ga Oktoba, 1956
Takarda ta iso daga Kano: gasar tanis ta mata ranar uku ga Nuwamba. Bara ni na ɗauko kofin, ni kaɗai ce baƙar fata a cikinsu. Matar Di'o, wadda muke bugawa tare a filin bayan gidansu in na tashi daga koyarwa, ta ce bana ma nawa ne.

Alhamis, 4 ga Oktoba
Raket ya suɓuce mini sau biyu. Gumi ne.

Asabar, 13 ga Oktoba
Ina sauke tukunya Inno ta ƙwalla ihu, "Ke Batulu, hannunki!" Yatsu biyu sun ƙone har sun tashi, ni kuwa ban ji komai ba. Ta daɗe tana duban wani tabo mai haske da ke damtsena. Da yamma na tarar ta ware mini ƙwaryata daban.

Laraba, 17 ga Oktoba
Kawu Falalu ya zo daga ɗakin shan magani inda yake aiki, wai gaisuwa. Ya ce in rufe ido, zai taɓa ni da auduga.
"Kin ji?"
"Na ji, Kawu."
Ashe bai ma kai hannu ba tukuna.

Juma'a, 26 ga Oktoba
Ba wanda ya ambaci sunan ciwon. In hukuma ta ji, ajina ya tafi. Kawu ya ce yanzu akwai ƙwaya, ana warkewa, in dai an fara da wuri. Amma layin karɓa a bakin hanyar kasuwar Kazaure yake, kowa na gani. Na ce bayan Kano. Ya ce, "Yatsu ba sa jira, 'yata."

Asabar, 3 ga Nuwamba, Kano
Na ci. Da tsumma na ɗaure raket a hannuna, na ce targaɗe ne. Baturiyar da na doke ta miƙo hannu mu gaisa, na sunkuya kamar ina gyara takalmi.

Talata, 6 ga Nuwamba
Na bi ta hanyar kasuwa da safe, haka kawai. Mutum goma sha ɗaya a layin. Wata tsohuwa daga Roni ta matsa mini wuri a kan benci. Ƙafa ce ta gaji, shi ya sa na zauna. Uwar wata ɗalibata ta wuce, ta gan ni sarai. Ban ja mayafi ba. Ƙwayar ba ta da ɗaci sosai.