Wake Mai Lamba Tara

Litinin, 3 ga Maris
Yau na'urar eksire ta ba ni mamaki. Aikin kullum ne a ɗakin gwajinmu: in busar da wake, in niƙa, in matse garin ya zama kamar kwabo, in saka a na'ura ta faɗa min sinadaran da ke ciki. Da na zo kan wake mai lamba tara, sinadarin ƙarfe mai ƙara jini ya ninka na sauran sau uku! Na sake aunawa, haka. Wallahi har rawa na taka, Allah ya sa ba kowa a ɗakin.

Laraba, 5 ga Maris
An sake cewa a asibiti jinin matata Gimbiya ya yi ƙasa, ga ciki wata shida. Ƙwayar ƙarin jinin tana tayar mata da zuciya, da ƙyar take haɗiya. Na ce, "Bar wahalar da kanki, mijinki ya gano waken da ya fi ƙwaya." Ta ce, "To, Yallaɓai masani." Na sayo rabin buhu wurin manomin da ya kawo mana samfurin.

Asabar, 8 ga Maris
Wake safe, wake rana. Ta ce yaron nan da ƙosawa da wake za a haife shi. Kwalbar magani tana bayan madubi, ba mai taɓa ta.

Talata, 11 ga Maris
Na kai wa Dakta, shugabar ɗakin gwajinmu, sakamako ina jiran yabo. Ta zare tabarau ta ce, "Da me ka niƙa?" Na ce da ƙaramin injin, turmin dutse yana cinye min yini. Ta ce, "Lamba tara kaɗai?" Eh, shi ne mai taurin tsiya. Ba ta yi faɗa ba, ta ce in daka sabo a turmin dutse, rabi a kai sashen nukiliya su auna da tasu na'urar. Matar nan ba ta son ganin mutum yana murna.

Alhamis, 13 ga Maris
Na kwance injin. Haƙoransa sun cinye, sun yi sumul. Ina ƙarfen ya tafi in ba cikin garina ba?

Juma'a, 14 ga Maris
Na daka da hannu har kafaɗa ta ƙage, na sake aunawa. Lamba tara wake ne kamar kowane wake, ɗan fifikonsa kaɗan ne. Haƙorin inji na auna, na ɗauki labari na kai gida. Gimbiya ta ji jiri a bakin murhu da rana, maƙwabciya ce ta riƙe ta. Tsoro nake ji, ba kaɗan ba.

Asabar, 15 ga Maris
Na faɗa mata. Na shirya dogon bayani, ta katse ni: "Wato inji ka so in ci?" Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni na ɗauko kwalbar da hannuna. Mun koma asibiti, likita ta canza mata wata ƙwayar mai sauƙi, ta kuma wanke ni tas. Na cancanta.

Alhamis, 27 ga Maris
Sakamakon sashen nukiliya ya zo, daidai da na turmin dutse. Amma Dakta ta nuna min layin sinadarin zinki: nan kam lamba tara ya yi zarra, hanyoyin biyu sun yarda. Ta ce, "Wannan naka ne, rubuta." Murmushi ma ta yi, ashe ta iya.

Laraba, 16 ga Afrilu
Jini ya hau. Ba sosai ba, amma ya hau, alhamdu lillahi. Kullum da safe ni ke ɓare lemu in miƙa ƙwaya, in tsaya sai ta haɗiye. Ta ce na zama ɗan sanda.
Yau lamba sha huɗu ya nuna wani abu mai kyau ƙwarai. Da Gimbiya ta tambaye ni ya aiki, bakina har ya buɗe. Na ce, "Lafiya lau, sai mun sake aunawa." Ta daɗe tana kallona, ta ƙara min miya.