Rigar da Ka Ninke Kusa da Makwancin Dattijo

Woodbridge, Virginia
Oktoba, 1986

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina neman afuwarka tun kafin ka ji abin da ke tafe da ni. Na san ba haka ka tarbiyyantar da ni ba, a ce 'ya ta ɗauki biro ta tuhumi ubanta, balle uban da ya yi wata goma sha ɗaya a ƙasa. Sau uku ina fara takardar nan ina yagewa. Da Turanci na soma, don ya fi zo mini da sauƙi, sai na tuna kai ka ce maganar da ta fito daga ciki da Hausa ake yin ta. To ga ta da Hausa. In ka ga kuskure, kai ne ba ka tsaya ka gama koya mini ba.

Baba, fushi nake yi da kai. Tun ranar da aka rufe ka nake yin sa, ban gaya wa kowa ba. Gida ya cika da masu ta'aziyya, daga Landover, daga College Park, kowa "haƙuri, Ramlatu", ni kuma "na gode". Sun ɗauka kunya ce ta sa na sunkuyar da kai. Tsoro nake kada su ga idona.

Ka tuna yadda aka fara. Kullum kana mitar cewa naman yanka a ƙasar nan sai an yi tafiya kamar ta fatauci, ga barewa kuwa har bakin titi. Sai wani tsohon Bature da kuke aiki tare a ɗakin magani na asibiti ya ba ka izinin farauta a dajin bayan gonarsa, tafiyar awa guda kudu da nan. Ranar ka shigo gida kamar an yi maka albishir da Makka. Ɗan maharbi ya samu daji.

Ba ka da ɗa namiji, ni ce ta fari, kuma sunan mahaifiyarka na ci, shi ya sa kake ce mini Uwata. Mutane sun yi surutu, wai ina aka taɓa jan 'ya mace daji, 'yar fari ma. Ka ce musu, "Ido nake nema, ba gemu ba." Duk Asabar ɗin bazarar bara muna dajin nan, ba bindiga, sai gorar ruwa da 'yar jakar toka da kake barbaɗawa ka ga inda iska ta nufa.

Ka ce kowa na iya ganin sawu. "Sawu labarin jiya ne, Uwata. Makwanci shi ne gida." Da na fara ganin ciyawa a kwance wuri huɗu kusa da rafi, na yi ta murna, ka yi dariya har ka dafa itace. Ka ce in duba da kyau: ƙanana ne, kusa da juna, kowanne ya fuskanci wani gefe dabam. Na mata ne da 'ya'yansu, suna yi wa juna gadi. Tsohon namiji ba ya kwana cikin taro. Shi kaɗai yake, kuma ba ya zaɓen wuri don daɗi. Yana hawa tudu, amma ba ya kaiwa ƙololuwa inda za a hango shi. Yana kwanciya a hancin tudun, ya ba iska baya don hancinsa ya tsare masa bayan, idonsa kuma na kan gangare. Akwai faɗaɗɗen itace ko sarƙaƙiya a jikinsa, da hanyar da zai sulale in ya ji abin da bai gamshe shi ba.

Ni na gano shi, Baba. Kada ka manta da wannan, don ni ba na mantawa. Ranar an kwana ana ruwa, muka shiga da rana tsaka. Na fara ganin wani itace mai kaurin cinyata an gurje masa bawo da ƙaho, can sama, inda ƙaramin namiji ba zai kai ba. Na bi layinsu, ɗaya bayan ɗaya, har hancin tudu. Ga shi nan a gindin wani faɗaɗɗen itace: wuri guda, ganye ya lafe kamar an yi masa guga, da fararen gashin ciki a warwatse, da kashi manya a dunƙule a gefe, ga wani wari mai nauyi. Ka miƙa hannu a sama da shi ba tare da ka taɓa ba, ka auna, kamu biyu da rabi. Ka yi mini raɗa, "Wannan dattijo ne." Tun daga nan muka raɗa masa suna Dattijo. A mota ka ce mahaifinka ya shekara arba'in yana harbi bai haifi mai ido irin nawa ba. Na juya ina kallon taga don kada ka ga bakina ya ƙi rufuwa.

Kai ka kafa mini dokokin wurin. Ba a taka makwanci. Ba a zuwa sau biyu a mako ɗaya. Ba a harbin dabba a kwance a ɗakinta, a hanya ake jiran ta, haka mahaifinka ya koya maka. Kuma duk shigar da za mu yi, kai da hannunka kake saka mini rigar nan mai ruwan goro, wadda maharban ƙasar nan ke ɗorawa a kan kaya don su riƙa hango juna. Mama ce ta kawo guda biyu, tawa da taka. Tawa kake ja mini zif har wuya. To ka san amfaninta ke nan. Kada a ce ba ka sani ba.

Da aka buɗe farautar bindiga a Nuwamba, Asabar biyu ka yi kana jira a hanya, Dattijo bai fito ba. Ranar Juma'a da la'asar kana shirya kaya a kicin, ka fito da tsohuwar rigar farautar mahaifinka da aka aiko maka daga gida, mai launin ƙasa. Mama ta miƙo maka mai ruwan goron. Ka karɓa kana dariya, ka ce, "Dabbar da ta gagari Turawa shekara da shekaru, ita zan je wa da shigar mai ba da hannu a titi? Ai tun daga mota zai hango ni." Mama ta ce kai dai ka saka. Ka ce to, to, an ji.

Ina tsaye a wurin, da faranti a hannuna. A satin nan malamar kimiyya ta zana mana idon barewa a allo. Ta ce ba ta bambance ruwan goro da busasshen ganye, hanci da kunne da motsi su ne tsaronta. Na kwafe shi tsaf a littafina, har na ja layi a ƙarƙashi don in nuna maka. Littafin na cikin jakata, jakar na kan kujera, taku uku tsakanina da ita. Na buɗe baki. Sai na ji nauyin a ce ni ce zan gyara wa ubana zance a kan dawa, a gaban Mama, shi ɗan maharbi, ni 'yar aji goma. Na kai farantin wurin wanke-wanke.

Washegari da hantsi 'yan sanda biyu suka tsaya a ƙofarmu. Wani maharbi ne ya ƙetaro daga gonar maƙwabta, ya ga abu mai launin ƙasa yana rarrafe cikin sarƙaƙiya a ƙasan hancin tudu, ya harba. Sarƙaƙiyar Dattijo. Ka gaji da jira, ka karya dokarka da kanka, ka nufi ɗakinsa.

Bayan kwana biyu suka kawo kayanka. Rigar ruwan goron ba ɗigon jini a jikinta. Sun ce a kan wani kututture suka same ta, a ninke kamar yadda kake ninke dardumar salla, ka ɗora dutse a kai don kada iska ta ɗauke ta. Riga ka tsare, Baba. Ka tsaya ka nemi dutse saboda riga.

Kowa ya ce ajali ne. Na yi imani da ƙaddara, ban musa ba. Amma kai ne mai cewa rigakafi ya fi magani, har marasa lafiyarka Turawa sun haddace shi da Hausa. Kai ne ba ka tayar da mota sai kowa ya ɗaura bel. Wanda ya yi harbin ya zo ranar sadakar uku, ya tsaya a waje jikin motarsa da hula a hannu, ya kasa shigowa, Mama ta aika masa da ruwa. Na leƙa shi ta taga, na nemi in tsane shi, abin ya ƙi zama. Kai nake ta gani. Yanzu Mama na aikin dare kwana uku a jere, ƙannena biyu sun daina tambayar ina kake, kaset ɗin ta'aziyya da kakata Hajiya ta aiko daga gida har yau ba wanda ya iya saurarensa har ƙarshe. Duk saboda kada barewa ta hango ka. Ita kuwa ba ta ma gani.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne Baffa Idi, amininka na Landover. Lahadin da ta wuce ya zo cin tuwon rana, ya ce mini, "Ramlatu, ke kaɗai kika san makwancin nan. Ki kai ni. Bana sai na kawo ƙahonsa gidan nan, in cika wa ɗan'uwana burinsa." Mama ta ce in zai shiga dajin nan ya nemi riga. Ya kaɗa hannu ya ce, "Haba Hajiya, a gida da wace riga muke shiga? Wannan ai korar nama ce."

Baba, faranti ne a hannuna. Wallahi faranti ne kuma.

Na ajiye shi. Na hau sama na ɗauko littafin bara, na buɗe durowar Mama na ɗauko rigarka, har yanzu da ninkinka. Na durƙusa gabansa, na ce, "Baffa, ba gaskiya ba ne. Barewa ba ta ganin launin nan. Baba ma haka ya faɗa, na yi shiru. Ba zan kai ka ba sai da wannan a jikinka, kuma in ka cire ta ban yafe ba." Mama ta ce, "Ke! Baffan naki?" Ya ɗaga mata hannu. Ya daɗe yana kallon zanen idon nan. Can ya ce, "Asabar."

Mama ba ta so ba. Ta ce dajin nan ya ci mata ɗaya. Da ta ga ba bindiga, kuma da rana ne, ta ja mini zif da kanta ta juya baya.

Jiya muka je. Rigarka ta matse Baffa, ta ƙi rufuwa a ciki, yana ta tsaki. Na barbaɗa toka, iska na dukan fuskarmu, muka hau ta gangare a hankali yadda ka koya mini. Na wuce kututturen ban kalle shi ba. Sababbin gurza a jikin itatuwa, sun fi na bara tsawo. Sai na kama hannun rigar Baffa.

Yana nan, Baba. Yana kwance a gindin faɗaɗɗen itacen, wuyansa kamar turmi, bakinsa ya yi furfura, yana tuƙa. Taku talatin, ba zai fi ba. Mu biyu muna tsaye a fili, jajur kamar an kunna wuta. Ya juyo ya dube mu. Ya dube mu sosai, ya kaɗa kunne, ya ci gaba da tuƙarsa. Sai da Baffa ya gyara tsayuwa ƙirare ya karye a ƙarƙashin takalminsa, sannan ya miƙe, tsalle biyu sarƙaƙiya ta haɗiye shi.

Baffa ya zauna daɓas a ƙasa. Ya kira sunanka sau biyu, ya ce, "Ashe ba ya gani. Ashe ba ya gani." Ya rufe fuska da hularsa. Ni ban yi kuka ba. Ji na yi kamar in tono ka in nuna maka. Da rigar a jikinka za ka iya zuwa inda muka tsaya, ka gan shi, ka dawo gida ka ci tuwo.

Har muka iso ƙofar gida Baffa bai cire ta ba. Ko zai koma da bindiga, ko ya fasa, bai faɗa ba, ban kuma tambaya ba. Na dai bar masa rigar. Ina fata ba ka ji haushi ba.

Ban san ko fushin nan da kai ne duka ba. Rabinsa na mai riƙe da faranti ne. Uwata kake ce mini, amma ranar da ya kamata in yi maka faɗa irin na uwa, 'ya na zama. Ka yafe mini wannan, ni ma ina ƙoƙarin yafe maka dutsen. Ban kai ba tukuna. Jakar tokarka na cikin aljihun rigar sanyina, da ita nake zuwa makaranta, wani lokaci a wurin jiran bas nakan barbaɗa kaɗan in ga inda iska ta nufa.

Allah ya jiƙanka, Baba. Allah ya yalwata makwancinka, ya sanyaya shi, ya sa ka huta. Allah ya ba Mama ƙarfi, ya tsare Baffa, ya sauƙaƙa wa mutumin da ya tsaya jikin motarsa. Ni kuma ya buɗe mini baki a inda shiru ke da illa.

Akwai sauran magana da yawa, ba duka ce ta faɗa ba. Na ci jarrabawar kimiyya, kuma ƙanwata Asma'u ta fara salla ba a tashe ta ba. In ka yarda, ina so in sake rubuto maka. Na san ba amsa za ta zo ba, amma ban saba yin abu ba tare da na tambaye ka ba. Ka ba ni izini?

'Yarka,
Ramlatu, Uwarka