Kun Kawo Mana Ƙofar Bakin Teku, Ga Tekun Ma Ya Iso

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Raya Garinmu, a ƙasar Bungudu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ne Sani Direba, mai motar kanta da ke kai hatsi kasuwar Gusau. Gidanmu ne na farko a bayan tsohuwar ganuwa. Na zo wurinka har na gaji, kullum a ce ka fita, shi ya sa na rubuto kowa ya gani.

Na ɗaya. Bara kuka rushe tsohuwar ƙofar gari, kuka gina ta siminti. Da na tambayi magini inda ya samo fasalinta, sai ya nuna mini hoton da ka ba shi: wata tsohuwar ganuwar dutse a bakin teku, da hasumiya da ƙananan tagogin harba igwa. Ranka ya daɗe, waɗancan mutanen jiragen ruwan abokan gāba suke tsoro, shi ya sa suka matse ƙofarsu. Mu wane jirgi ne zai taso mana daga Karakkai? Ƙofar kakanninmu amalanke na shigewa da kara a kai. Wannan kuwa ranar farko ta yage mini buhunan gero na saman lodi, awakin unguwa suka yi walima.

Na biyu, kuma shi ne ya ƙona mini rai. Don a samu filin tsayawa ɗaukar hoto, kun sa katafila ta ture ganuwar gabas, ta cike ramin da ke bayanta. Daga ramin nan aka ɗebi ƙasar da aka gina ganuwar, kuma tun ina yaro ina ganin ruwan da ke gangarowa daga dutse yana bin sa ya wuce rafi. Ko yaran da ke kama kwaɗi a ciki sun san aikinsa.

Daminar bana ruwan ya rasa hanya, ya biyo ta zaurenmu. Ɗakin mahaifiyata ya jiƙe har gwiwa, bangon ya tsage. A ɗakin aka kawo ta amarya, a ciki ta haife mu, ta rantse ba ta fita. Duk sanda hadari ya haɗo ina kan hanyar Gusau, wallahi sai na faka mota na buga waya gida na ji halin da take ciki.

Roƙona biyu ne. A tone ramin nan kafin wani ruwan ya sauko, a kuma bar guntun ganuwar da ya rage, don na ji ana shirin gina ƙofa ta biyu a wurin. Gyaran ɗaki ni zan yi abuna.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya. In kana son hoto a bakin teku, ba sai ka yi tafiya ba. Zo gidanmu bayan ruwa, Inna na zaune a tsakiyarsa.

Wassalam.
Sani Direba