Ƙyallen Madubin Dama

Shinkafi, ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga maigidana, sanyin idona, inuwar da nake fakewa a ƙarƙashinta shekara talatin da ɗaya, ruwan farkon damina a kan busasshiyar gona, mai taurin kan da zuciyata ta ƙi gajiya da shi! Kai da abokanka suke kira Halilu na Dattijo, ni kuwa bakina bai taɓa iya furta sunan ba, sai yau da alƙalami ya ɗauke mini kunya.

Assalamu alaikum. Ina fata ka tashi lafiya, kana shan maganinka a kan lokaci, kuma ba ka mayar da tsire abincin rana ba don ka ga ba na gida. Ɗiyarmu Nafisa tana samun ƙarfi, wankan jego yana tafiya daidai, jaririn kuwa ya ɗauko goshinka da rigimarka, ba ya yin shiru sai an jijjiga shi kamar yana kan hanya.

Kada ka yi mamakin ganin takarda alhali kullum muna magana ta waya. Akwai maganar da in na buɗe baki zan faɗe ta sai ta juye ta zama faɗa, ka san halina. Akwai kuma abin da waya ba ta iya ɗauka. Muhtari mijin Nafisa zai kawo maka wannan gobe in ya shigo Kaura kasuwar hatsi. A ciki akwai ɗan ƙulli. Kada ka kwance shi sai ka karanta har ƙarshe. Na san ka, ka riga ka kwance. To, ajiye shi a gefe ka saurare ni.

Asabar mai zuwa ce taronku na talatin, ku 'yan Ƙungiyar Dattawan Hanya. Shekara talatin! Mutane masu furfura, masu jikoki, wasu har da aikin Hajji, ku bar gona da shago duk bayan kaka ku jeru a gaban tashar jirgin ƙasa kamar 'yan makaranta, kowa yana shafa tankin tsohon babur ɗinsa yana yi masa kirari, sannan ku kama hanya, wata shekara Zurmi, wata shekara Shinkafi, don kawai ku ci nama ku yi dariya ku dawo. Ban taɓa ɓoye maka ra'ayina a kan wannan ba, kuma ba yau zan fara ba.

Amma bari in tuna maka asalin ƙyalle, don ku maza kuna riƙe al'ada ku manta dalilinta. A taronku na farko abokinka Armiya'u ya sulale daga gida bai gaya wa matarsa Laila ba, ga ɗansu kwance da zazzaɓi. Ta biyo shi har tasha, ta haye kujerar babur ɗinsa ta zauna, ta ce sai dai a tafi da ita ko a fasa. Har rana ta take kuna roƙonta! Ranar ce Gwaggo mai ƙosai ta bakin tasha ta yanke muku hukunci: daga yanzu ba wanda zai tayar da babur sai da ƙyallen zanen matarsa ɗaure a ƙarfen madubin dama, shaidar cewa gida ya yarda. Ita ce kuma take bin layi tana dubawa har yau, domin babu zanen matar ɗayanku da ba ta sani ba. Ka tuna shekarar da Armiya'u ya sake laifi, Laila ta hana shi ƙyalle, ya je kasuwa ya sayo rabin yadi ya yanka da kansa? Gwaggo ta shinshina, ta ce, "Wannan ƙanshin kanti yake yi, ba hayaƙin murhu ba. Koma gida, ɗan nema, ka ba Laila haƙuri!" Ka dawo kana ba ni labari kana dariya har da riƙe ciki, ni kuma na ɗaure fuska na ce maƙaryaci ba abin dariya ba ne. Da ka fita na shiga ɗaki na yi tawa dariyar har hawaye. Yau ka sani.

Sau ashirin da takwas na yanka maka ƙyalle, kuma ko sau ɗaya ban ba ka shi babu wa'azi ba. In ce maka rai ba a sayen na biyu, in ce maka yara suna kallon abin da uba yake yi, in ce mutum mai iyali ba ya tsere da iska. Kai kuma ka tsaya hannu a buɗe, kai a sunkuye, kana cewa "Gaskiya ne, uwar gida," idonka yana kan almakashi.

Sai bara. Ya hasken gidana! Akuya ta gifta muku a hanyar dawowa daga Zurmi, ka kauce mata ka faɗa rami, aka kawo mini kai a keke napep, hannu a karye, riga a yage, hular kwanon da na ce ka sa tana rataye a bayan babur kamar ƙwaryar ado. Mai ɗori yana jan hannunka kana cije leɓe, ni kuwa ji nake kamar ƙashina ake ja. A nan, a gaban abokanka da maƙwabta, na ce wallahi ba zan sake yanka maka zanena ba. Na rantse, kowa ya ji.

Na zaci za ka yi gardama. Na shirya amsoshi kamar mai shirin jarrabawa. Amma sai kawai ka ce, "To, Rekiya." Wannan "to" ɗin ta fi kowace gardama nauyi. Shekara guda ke nan ina zaune da mutum mai ladabi, mai dawowa gida da wuri, mai cin tuwo ya yi godiya, wanda ba ya rera waƙa a banɗaki, ba ya tsokanar kajina, ba ya shigowa da baƙin mai a riga in samu abin yi wa faɗa. Na samu mijin da na yi shekara talatin ina wa'azin a ba ni, sai na ga ashe ba shi nake so ba! Ina mai dariyar da take tashin tattabarun maƙwabta? Ina wanda in ya karyo kwanar unguwa nake gane shi tun daga ƙarar salansa, in yi maza in gyara ɗankwali, in kuma haɗe rai kafin ya shigo? Gidan ya zama kamar fadama a tsakiyar rani, komai yana wurinsa, ba ko tsuntsu ɗaya mai kuka.

Ka tuna tafiyarmu ta farko zuwa Banga? Wata biyu da aurenmu, tsakiyar damina, ka ce za ka kai ni in ga iyayena a kan babur ɗinka Dattijo, lokacin yana sabo fil, bai ci sunansa ba tukuna. Na zauna a karkace ina riƙe da ƙarfen baya, na ƙi taɓa ka don kunya. Gero ya kai ƙugu dama da hagu, kore shar har iyakar gani, ƙasa tana ƙanshin ruwan jiya, balbelu suna bin shanun Fulani kamar an watsa auduga. Sai ka faɗa wani kududdufi, wanda har gobe na yi imani da gangan ka yi, na saki ƙarfe na ƙanƙame ka ina salati. Ka ce, "Yauwa, yanzu aka fara tafiya." Na yi maka faɗa tun daga nan har ƙofar gidanmu, amma ka lura ban sake ka ba? Ruwa ya kama mu a dawowa, muka fake a ƙarƙashin wata tsamiya, ka cire babbar rigarka ka lulluɓe ni, ka bar kanka da babur a cikin ruwa. Ranar na san a hannun wa Allah ya sa ni. Wane wata ne ya taɓa haska mini dare kamar yadda fuskarka ta haska mini wannan yammacin mai hadari? Wace zuma ce ta kai daɗin jin bayanka a gabana, iska tana kaɗa mini mayafi?

Abin da ya karya ni shi ne labarin da Muhtari ya kawo makon jiya. Ya ce ya same ka da safe kana wanke Dattijo, ka goge shi har yana ɗaukar ido, ka tura shi ka zagaya tsakar gida ba ka tayar ba, ka mayar da shi rumfa ka rufe. Ya ce bana kai ne ya kamata ka ja gaba, tunda kai kaɗai ka rage da babur ɗin da aka fara tafiyar farko da shi, amma ka ce a ba wani. Ya ce Armiya'u, wanda tsufa bai shiryar da shi ba, ya ba ka shawara ka buɗe akwatina tunda ba na nan ka yanki ko bakin tsohon zane ne, ai ƙanshin murhun gidan ne, Gwaggo ba za ta gane ba. Kai kuma ka ce masa ƙyallen da ba ni na yanka ba tsumma ne. Ka ce za ka je tasha ranar Asabar ka riƙe musu butar alwala, ka ɗaga musu hannu, ka dawo gida.

Kai! Mijina, jagaban tafiya, a tsaye a gefen titi da buta yana ɗaga wa Armiya'u hannu? Ina raye? Na ajiye ludayin kunun mai jego na shiga ɗaki. Nafisa ta biyo ni tana tambayar ko hayaƙi ne ya shiga mini ido. Na ce mata hayaƙi ne, ta kuma kama kanta.

Sai dai rantsuwa ba wasa ba ce, ni kuma ba zan koya wa 'ya'yana riƙon magana sannan in taka tawa a ɓoye ba. Na je wurin malamar Islamiyyar unguwar nan na faɗa mata komai. Ta ce wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya yi kaffara ya aikata alherin. Shekaranjiya na tuƙa tuwon dawa da miyar kuka da nama, na ciyar da mabuƙata goma, kowa ya ƙoshi. Mata suna tambayar sadakar mece ce, na ce ta wani dattijo ce mai ƙuruciya. Ka ga abin da ka ja mini: ni Rekiya, mai yi wa unguwa guda nasiha a kan saurin rantsuwa, ni ce da tukunyar kaffara!

Yanzu ɗauko ƙullin. Ka gane shi? Atamfar nan ce shuɗiya mai zanen ganye, wadda na ɗaura ranar Banga. Da ita na goya 'ya'yanmu duka, na kuma taho da ita nan don in goya jikanka. Shekara ashirin da takwas ina yanka maka daga zannuwan da suka gaji, ban taɓa yarda almakashi ya kusance ta ba. Yau na yanka. Ka kai wa Gwaggo ta shinshina da kyau.

Kada ka ɗauka wa'azi ya ƙare. Hular kwano a kanka za ta zauna, igiyarta a ɗaure a haɓa, ba a bayan babur ba. In ka zo mini da hula kube kaɗai, a gaban jama'a zan kwance ƙyallena. Ka kai Dattijo wurin bakanike kafin Asabar ya duba birki da tayoyi, kada ka ce ai ka san shi, shi ma ya tsufa kamar mai shi. Jagaba ba ɗan tsere ba ne, uban tafiya ne: kowa da saurinka zai yi tafiya, kuma bayan kowane madubi akwai mace da ta ba da amanarta. Hanya ba kamar da take ba, ku fito da hantsi, ku tsaya ku yi Azahar a kan lokaci, ku koma Kaura rana tana sama. In ka ga akuya, ka tuna ita ma tana da mai jiran ta, ka rage wuta tun daga nesa.

Ina tsoro, ba zan yi maka ƙarya ba. Zan ji tsoro daga lokacin da ka buga kik har ka sauke ƙafa. Amma na auna tsoron da shirun nan naka na shekara guda, na ga tsoron ya fi sauƙin ɗauka. Ka dawo mini da dariyarka, ya sanyin zuciyata, ka dawo da baƙin man rigarka, ni kuma na yi alkawarin yi maka faɗa a kansa har ƙarshen rayuwata.

Ban manta ba cewa bana hanyar Shinkafi ce. Ranar Asabar, in kun iso bakin gari, ka duba hannun dama wajen masu sayar da rake. Za ka ga wata mata da jariri a baya, fuska a ɗaure, goyonta da shuɗiyar atamfa mai guntulen baki. Kada ka saki kan babur ka ɗaga mini hannu. Danna hon sau ɗaya ya isa, zan ji.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da za a ɗauki ɗayanmu a kafaɗa, da fatan Allah ya sake haɗa mu inda ba rami ba akuya,

Rekiya.