Inna ta shanya mini man gansakuka

Daren Talata, Bodinga

Wata uku ina kwasar gansakuka a tafkin Danchadi, na tatsi man da bai cika kwalba biyu ba. Na naɗe su da baƙin ƙyalle, na sa a cikin kula mai riƙe sanyi, da ƙanƙara, don zafi da haske ke kashe sinadarin omega da nake nema.

Na dawo daga Shagari da la'asar, sai na hango kwalaben a kan katanga, a buɗe, rana na dukansu.

Inna ta ce, "Ɗiyata, na ishe manki ya yi barci, shi na aza shi ga rana ya narke." Har da murmushinta. Haka take yi wa man shanu tun ina goye.

Na shinshina. Akwai ƙarni, ko kuwa tsoro ne ya cika mini hanci, ban sani ba.

Gobe a Sakkwato za a ɗiga man a na'urar gwaji, ta haska shi, ta zana layi. Inda omega yake, layin kan yi tsini. In ya kwanta fa? Tafkin ya ƙafe, sai wata damina, kuma Malam mai duba aikina ya ce ba ƙarin lokaci.

Da ta kawo mini tuwo ta tambaya ko man ya gyaru. Na ce ya gyaru, Inna.

Ya Allah. Ita dai na'ura ba ta san Inna ba, balle ta ji kunyarta.