Goron Gayyatar da Baba Ya Bari

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uba, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Na san babu mai kai maka wannan takarda, amma kai na saba kawo wa ƙara.

Baba, sun sake ɗagawa. Jiya na je kwaleji na tarar da sanarwa manne a allo: babu fita daji bana ma, sai baɗi. Karo na uku ke nan.

Ka san abin da ya rage mini. Shekara uku ina koyon aikin safiyo, na ci kowace jarrabawa, saura mako shida na awon ƙasa a daji tare da malami, sai a miƙo mini takardar shaida. Suka ce gwamnati ta rage musu kuɗi. Motar da za ta kai mu ba taya, na'urar awo ta lalace, malamin ya gaji ya kama gabansa, ba a ɗauki wani ba. Amma jiyan nan da idona na ga ana shafa wa ƙofar kwalejin sabon fenti, wai manyan baƙi za su zo. Ko kunya ba sa ji.

Na tuna bara, ranar da na faɗa maka watan da za mu gama. Ba ka jira ba. Kai da ka tsufa a fataucin goro, ka zaɓo farare manya, ka bi gida-gida a unguwarmu ta Akwatialine kana rabon goron gayyatar bikin gamawata. Na ce ka dakata a tabbatar, ka ce, "Mutanen boko ba sa saɓa rana, da agogo suke aiki." Ka ba su girman da ba su kai ba, Baba.

Aka ci goro, biki bai zo ba. Har yau in na wuce, Maame mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan, sai ta ɗaga murya: "Krakye, goro na ci shi tuntuni, yaushe ne?" Haka take kirana, wai ɗan boko. Ita tsokana take yi, ni kuwa ji nake kamar in nutse.

Sai ga umarnin nan na gwamnati, duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa. Shekara arba'in kana Kumasi, aka ce Nijar ce gidanka. Ni da ke da takarda na zauna. Da an sallame mu a kan lokaci, da ka gani da idonka kafin ka hau motar Nijar. Wannan ne ba zan yafe musu ba.

Kafin ka tafi ka ja ni zaure, ka nuna mini huhu guda da ka ware don sabuwar gayyata. Ka ce, "Duk Juma'a ka buɗe, ka sake ganye, ka yayyafa ruwa kaɗan, ka fid da mai sankara. Ran da suka sa rana, ka raba da sunana, ko da rarrafe zan zo."

Na yi yadda ka ce. Ban taɓa tsallake Juma'a ba. Ni da ake yi wa dariya ban san farin goro mai kyau ba, har na iya gane mai sankara da taɓi kawai. Kullum huhun yana raguwa, ni kuma ina zaryar duba allo.

Aka aiko daga Nijar cewa zazzaɓi ya kwantar da kai, kwana tara, shi ke nan.

Shekaranjiya muka yi sadakar arba'in ɗinka a masallacin unguwa. Liman ya tambayi goro. Na shiga zaure na kwance huhun, Baba, na raba da sunanka kamar yadda ka ce. Mutanen da ka gayyata bara su ne suka karɓa. Liman ya ɓara ɗaya, ya ce bai taɓa ganin goron da aka kula da shi haka ba.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ni kuma ya ba ni haƙurin da har yanzu ban samu ba.

Ɗanka da bai gama ba,
Hamidu