Baƙon Yaya da Sheƙar Cikin Lemun Tsami

Bagudo, ranar Talata.

Zuwa ga Yayana Bunyaminu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rahma da yara. Yaya jikin Manu? Mu nan lafiya lau, damina ta kankama, Inna tana gaishe ka.

Yaya, baƙon da ka turo mini ya zo ya tafi, kuma ban ji daɗin zuwansa ba ko kaɗan. Kai ka ce Albashir abokinka ne, gwanin ɗaukar hoton tsuntsaye, in kai shi lambun shaƙatawar nan na bayan tasha inda nake zuwa da kyamarata in an tashi daga makaranta. Don darajarka na roƙi Baba Arzika mai kula da lambun ya buɗe mana tun da sassafe.

Na nuna masa balbelu a kan maɗaci, da shamuwa tana ciyar da 'ya'yanta a kan kuka. Ya ce waɗannan kowa ya ɗauke su. Sai na kai shi inda ban taɓa kai kowa ba, gindin lemun tsamin da ke kusa da rijiya. Can ne 'yan tsuntsayen nan masu dogon baki, masu shan ruwan fure, sunka rataya sheƙarsu kamar ƙaramar jaka. Tun suna saƙa ta nake kallonsu daga nesa. 'Ya'ya biyu ne a ciki, gashi ya rufe su, saura kaɗan su tashi.

Shugabar makaranta ta kira ni a waya, na koma gefe. Da na dawo na tarar ya sa wuƙa ya sare rassan da sunka rufe sheƙar, wai haske bai isa ba. Ya ciro ƙaramin ya ɗora a kan reshen fure yana ta ɗauka, uwar tana kewaya kansa tana kuka. Da na yi magana ya ce haka ake yi ko'ina, in ban iya aikin ba in tsaya in koya. Sai da na ɗaga murya har Baba Arzika ya taho sannan Albashir ya mayar da shi cikin sheƙar. Ya hau babur ya nufi bakin iyaka, wai zai ɗauki tsuntsayen Benin.

Kafin la'asar hankaka ya hango sheƙar a fili, ya ɗauke ɗaya a kan idona.

Ka gaishe mini da mutanen gida.

Ƙanwarka,
Sailuba.

Bagudo, ranar Asabar.

Yaya Bunyaminu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Na ji daɗi da Manu ya koma makaranta.

Amsarka ta iso, kuma ta fi aikin abokinka ɓata mini rai. Ka ce tsuntsu ne kawai, kada in kunyata ka a idon mutumin da ya yi maka alheri. Ban ce bai yi maka alheri ba. Amma kai ne ka koya mini zama shiru a bakin kogi muna kallon zalɓe, kai ne ka mari hannuna ranar da na taɓa ƙwan kurciya. Yau kuma kai ke ce mini tsuntsu ne kawai?

Ga abin da ba ka sani ba. Mai lambun ya zo ya ga itacen a sassare. A gaban masu shan lemo ya wanke Baba Arzika tas, dattijon da ya girmi mahaifinmu, ya kuma ce kada a sake barin mai kyamara ya shiga. Baba bai ambaci sunana ba. Da na je ba shi haƙuri sai ya ce in bari, ya riga ya ɗaura ganyen giginya a kan sheƙar don ya kare ɗayan. Na rasa inda zan sa fuskata. Yanzu daga bayan katanga nake leƙe kamar ɓarauniya.

Ba na son tsarabar da Albashir ya aiko daga Benin. Na mayar wa mai babur ɗin da ya kawo ta.

Ƙanwarka,
Sailuba.

Bagudo, ranar Alhamis.

Yayana,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya ruwa? Inna ta ce masarar da ka aiko kuɗinta an shuka, ta fito da kyau.

Albishirinka, ɗan da ya saura ya tashi. Jiya na hango shi ya faɗo kan katanga yana rawar jiki, uban ya biyo shi da abinci. Na yi hamdala.

Na ga gayyatar da ka turo ta bajekolin hotuna a Birnin Kebbi, na kuma ga an zaɓi hoton Albashir, har ya ce zai sa sunana cikin waɗanda zai gode wa. Ka gaya masa ban yarda ba, kuma ba zan zo ba. Ban yi fushi da kai har abada ba, Yaya, kai ma ka sani. Abu ɗaya nake roƙo. Na ga a ƙarƙashin hoton ya rubuta wai ɗan tsuntsu yana waƙar safiya. In ka je, ka tsaya ka dubi bakin nan da ɗan tsuntsun ya buɗe da kyau. Uwarsa yake kira. Kuma shi ne wanda hankaka ya ɗauka.

A gaishe da Anti Rahma da yara. Allah Ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Sailuba.